Sheƙar Gauraki a Bayan Gidan Bulo

A zauren imel na masu kallon tsuntsaye babu mai kiranta da sunanta. Mai Labule suke ce mata, don da adireshin shagonta ta shiga, kuma sana'arta ke nan, ɗinkin labule da rigunan kujeru. Shagon ɗan siriri ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kekunan ɗinki da teburin yanka sun cinye rabinsa.

Ciwon haƙori ne ya kai ta zauren. Ta je a cire mata guda, tana kwance baki buɗe sai ta ga hotunan tsuntsaye an manna su a silin. Da aka gama, da auduga a kumatu, ta nuna ɗaya ta ce wannan cilakowa ce, kullum tana sauka a bishiyar bayan shagonta. Likitan ya cire safar hannunsa yana dariya.

"Ashe ke tamu ce," in ji shi. "Ba ni adireshinki na imel."

Shi ya kafa zauren, shi ke kula da shi. Duk wanda ya ga wani tsuntsu sai ya rubuto abin da ya gani da inda ya gan shi. Saƙon ba ya isa ga jama'a sai Likita ya duba ya sake shi, ya ce don kada a cika wurin da talla da labaran ƙanzon kurege. Kowace safiya kafin ta ɗaga ƙofar shago sai Mai Labule ta karanta: wani ya ga kirinjijiya a tafkin bayan asibiti, wata ta ga shamuwar farko a kan sandar lantarki. Ranar Asabar kuma su haɗu a bakin gidan man da ke kan gada, su fita tare. Tun rasuwar mijinta ba ta sami abin da ke fitar da ita gida da ɗoki ba sai wannan. Likita yana da wata magana da yake yawan yi, har ta haddace ta: tsuntsu amana ne, ido kaɗai muke da shi a kansa.

Ƙaninta Auta ne ke kai ta bakin gada. Direban motar kaya ne, abin da ya samu shi yake ɗauka, yau siminti, gobe firji, jibi kaji. A hannunta ya tashi bayan mutuwar mahaifiyarsu, yanzu har da matarsa da 'ya'yansa, amma bai daina tsokanarta ba.

"Yaya, mutane na fita neman na cefane, ku kun fita neman zalɓe. In kun gan shi, me yake ba ku?"

Wata Asabar ya karɓi madubin hangen nesanta don ya yi mata dariya, ya ɗora a ido, sai ya ƙi saukewa. Da ƙyar ta ƙwace abinta. Daga baya ta saya masa nasa, ta roƙi Likita ya saka shi a zaure.

"Kin tsaya masa?" Likita ya tambaya.

"Na tsaya masa. A bayana ya girma."

Da damina ta kankama ta je awon tagogi a wani sabon gida can bakin gari. Tana fitowa ta ji wani kuka mai ƙarfi daga bayan tsohon gidan bulo da aka daɗe da rufewa. Ta zagaya ta rushasshiyar katanga. Fadama ce a bayan, cike da dogayen ciyayi, a tsakiyarta kuma gauraki biyu da tukkunsu kamar an tsoma a zinariya. Ɗaya na tsaye, ɗaya na kwance a kan sheƙa. Tsofaffin zauren sun sha cewa rabon da a ga gauraka a yankin tun suna samari.

A nan tsaye ta rubuta saƙon, yatsunta na kuskuren haruffa. Kafin ta kai titi Likita ya kira ta.

"Na ga saƙonki. Zan sake shi, amma na cire bayanin wurin. Kin san hali, ba duk mai karatu ne mai amana ba. Ni da ke da Malam Ritaya kawai za mu sani."

"Da Auta, shi zai riƙa kawo ni."

"To, da Auta."

Ta ji daɗin wannan tsantseni nasa. Malam Ritaya tsohon malamin makaranta ne, shi ya fi kowa daɗewa a zauren bayan Likita. Su huɗun suka riƙa zuwa bi da bi, su laɓe a bayan katanga, ba mai matsawa kusa. Ƙwai suka ƙyanƙyashe, 'ya'ya biyu suka fito, suna bin iyayensu cikin ciyawa suna tangaɗi. Kowane mako Mai Labule ta rubuta wa zaure yadda suke girma, jama'a na ta yi mata barka kamar ita ta haifa.

Wata safiya ta iso ta tarar an tattake ciyawar har bakin sheƙa. Ga sawun takalma, ga sawun tayar mota a laka. Iyayen na shawagi a sama suna kuka, su sauka, su sake tashi. 'Ya'yan babu su.

Da yamma Likita ya rubuta wa zaure. Ya ce zuciyarsa ta karye. Ya ce mutum huɗu kaɗai suka san wurin, kuma ba zai kama sunan kowa ba, amma darasi ne gare shi game da sababbin shiga, musamman wanda aka san yana jigilar kaji da tsuntsaye zuwa kasuwa. Ya ce ya ɗauki matakin da ya dace. Auta ya duba wayarsa ya ga an cire shi.

A shago ya same ta. Ta ci gaba da yanka yadi, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Yaya, kin ga abin da mutumin nan ya rubuta?"

"Na gani. Nawa aka ba ka?"

Ya tsaya yana kallonta. "Ni kike tambaya?"

"Wa ke da motar kaya a cikinmu? Wa ya san 'yan kasuwar tsuntsaye? Wuyana na ba da a kanka, Auta. Ka kwance mini zane a gaban mutanen da ke ganin mutuncina."

"Kin tambayi sauran biyun?"

"Likita zan tambaya, ko dattijon da ke dogara sanda?"

Auta ya juya. Ya fita, ya buɗe mota, ya dawo da madubin da ta saya masa, ya ajiye a kan teburin yanka. Daga ranar ya daina zuwa gidanta. Matarsa ce ke kiranta su gaisa sama-sama. Ita kuwa Mai Labule ta rubuta wa zaure ta ba da haƙuri a madadin ƙaninta, Likita ya saki saƙon nan take, ya ƙara a ƙasa cewa laifin wani ba ya shafar wani.

Damina ta wuce. Aka kira ta aiki a wani babban gida, labulen falon sama, tagogi dogaye har sai da tsani. Tana kan tsanin tana saka ƙugiyoyi ta leƙa lambu. A gefen wurin wanka, kan ciyawar da aka aske, ga matasan gauraki biyu. Tukkunsu bai gama fitowa ba. Ɗaya ya buɗe fukafukai zai tashi, ya karkace ya faɗi gefe guda, don an datse masa gashin fiffike ɗaya.

Matar gidan ta shigo da kofin shayi a hannu, ta ga inda take kallo.

"Sun burge ki ko? Duk baƙon da ya zo sai ya ɗauki hoto."

"Daga ina aka samo su, Hajiya?"

"Likitanmu na haƙori ne ya kawo wa maigidan. Mutumin kirki, ya san tsuntsaye kamar me. Tun suna 'yan mitsi-mitsi ya sa aka ɗauko su a wata fadama bayan gidan bulo. Kin san maigidan ya ba shi hawa na biyu a sabon benensa, can ya mayar da asibitin. To shi ne ya ce ba zai zo godiya hannu rabbana ba."

Mai Labule ta riƙe ƙarfen tsani da hannu biyu. Ta ƙarasa aikin, amma sai da ta kwance labule guda ta sake ratayawa, don ta juya shi ciki waje ba ta lura ba.

Daga gidan ba ta koma shago ba, sabon asibitin ta nufa. Kujeru sababbi, sanyin na'ura, warin fenti bai gama fita ba. Ta jira har marar lafiya na ƙarshe ya fito. Likita na wanke hannu ta shiga.

"Mai Labule, lafiya dai? Wani haƙorin ne?"

"Daga gidan mai benen nan nake. Na ga 'ya'yan gauraki."

Ya ci gaba da murza sabulu. Da ya gama ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo.

"Zauna mu yi magana ta hankali. Fadamar nan an sayar da ita, baɗi gidaje za ki gani a wurin. Ga karnuka. A can kuwa suna da abinci, suna da mai kula. In kin duba, ceton su na yi."

"Da fiffike a datse."

"Zai sake fitowa."

"To Auta fa?"

"Ni na kama sunan wani? Koma ki karanta saƙon. Ke kika rubuto kina ba da haƙuri, ba ni na sa ki ba."

Maganar ta soke ta, don haka aka yi. Ta ce, "Kai ne fa kake ce mana tsuntsu amana ne."

"Ki yi tunani kafin ki tayar da ƙura. Shekaru na yi ina gina zauren nan. In ya watse, tsofaffin nan ina za su?" Ya buɗe mata ƙofa. "Ki gaida gida."

A shago ta zauna ta rubuta komai, abin da ta gani da abin da matar gidan ta faɗa, ba zagi ba ƙari. Ta aika. Amsa ta dawo cewa saƙonta yana jiran amincewar mai kula da zaure. Washegari wata amsar ta zo, an cire ta. Sai a lokacin ta lura ba ta da adireshin kowa, duk hirar da suka yi ta hannunsa ta bi. Lambar wayar Malam Ritaya kaɗai gare ta, sai ta kira shi.

Dattijon ya saurare ta har ƙarshe, ya yi dogon numfashi.

"'Yata, na ji, kuma ban ce ƙarya kike ba. Tun ranar na ga sawun tayar nan na ƙaramar mota ne, ba na motar kaya ba."

"Kuma ka yi shiru, Malam?"

"Shi ke duba bakin iyalina, bai taɓa karɓar ko sisi ba. In na rasa fitar Asabar kuma, sai zaman ƙofar gida. Ki bar shi da Allah." Kafin ya kashe ya gaya mata Likita ya sanar cewa aiki ya yi mata yawa ta janye, yana yi mata fatan alheri.

Ta sami Auta a bakin kasuwar katako yana ɗaure kaya. Ta tsaya a rana ta ba shi labarin duka, ta ce ya yafe mata. Ya ja igiya, ya ƙulle, ya gwada ƙarfinta.

"Ai ni dama na san ba ni ba ne, Yaya."

"Na sani. Na cuce ka."

"Ba komai."

Ta san wannan ba komai ɗin tun yana yaro. Ta ce ranar Asabar tana so ta je bakin gada ta faɗa wa 'yan zaure baki da baki, ko zai kai ta?

"Zan turo miki yaran su kwana biyu, sun dame ni da tambayarki. Amma maganar tsuntsaye na gama da ita."

Ana gobe Asabar matar babban gidan ta kira, tana son labulen ɗakunan kwana. Cikin hira ta ce ɗaya daga gaurakin ya mutu, ɗayan ya ƙi cin abinci. "Amma Likita ya ce kada mu damu. Wai yana da mutane ko'ina, da an ga wasu zai ji."

Da safe Mai Labule ta hau motar haya zuwa bakin gada. Suna nan tsaye da huluna da madubai a wuya, Likita na raba ruwan roba daga bayan motarsa. Ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce duk abin da suka rubuta a zaure shi ke fara gani, su san inda yake kai shi.

Likita ya girgiza kai cikin tausayi. "Jini ya fi ruwa kauri. Kowa zai so ya wanke ƙaninsa."

Wasu suka sunkuyar da kai. Malam Ritaya ya duƙufa goge madubinsa da bakin riga. Wata ma'aikaciyar banki da ba su taɓa wata doguwar magana ba ta matso, ta ce Mai Labule ta ba ta lambar wayarta, ta rubuta, sannan ta ce ita yau ba za ta fita ba, ta juya ta nufi motarta. Sauran suka shiga motoci, don rana na ɗagawa kuma an ce an ga dinya a tafkin bayan asibiti.

Mai Labule ta tsaya har suka haye gada. Sannan ta tsallaka titi ta jira motar komawa, don akwai rigunan kujerun da ta yi alkawarin bayarwa kafin azahar.