Sha Ɗaya Sau Biyu

Shekara biyu bayan Nasara sun shiga Sakkwato idon mahaifina, Malam Abdulwahabu, ya tafi. Ni Habiba na zama idonsa. Yana koya mini hisabin taurari, ni kuwa ina ta ɗaga kai, gani nake duk unguwarmu ba mai kaina.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Shekarar wata tana gaza ta rana da kwana sha ɗaya. In ana neman ranar shigar tauraron shuka, sai a ɗauki ranar bara a ƙara sha ɗaya.

Ruwan farko ya sauka, sai ga Arzika manomi daga Kwalkwalawa. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, in shibka ko in dakata? Irin da ar rage min ke nan, ba ni da wani."

Baba ya aiko ciki in duba. Na jawo takardar Baba ta ranakun taurari, na ƙara sha ɗaya, na ce tauraro ya shiga. Ko sake dubawa ban yi ba.

Arzika ya shuka. Ruwa ya ɗauke, gero ya tsiro ya ƙone.

Sai daga baya na lura takardar ba ta bara ba ce, ta bara waccan ce, ta ƙarshe da Baba ya rubuta da idonsa. Sau biyu ya kamata in ƙara. Na tura takardar ƙarƙashin tabarma na ja bakina.

Arzika ya dawo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ina bayan zana na ji ya ce, "Malam, shekara ashirin ba ka taɓa ɓata muna lissahi ba."

Baba ya ce, "Tsuhwa ce, Arzika. Laihina ne, ka yahe min."

Ina ji, ban fito ba. Tsoro ne, ba kunya ba, gara in faɗa. Daga wannan damina manoma suka koma tambayar wani malami, zaurenmu ya yi tsit.

Ran nan ina zuba wa Baba fura ya ce, "Ɗiyata, sha ɗaya sau biyu nawa na?"

Na ajiye ludayi na ce, "Ashirin da biyu, Baba."

"Madalla," ya ce, ya miƙo hannu yana laluben ƙwarya.

Har ya rasu bai sake tada maganar ba. Ni ma ban tada ba, kuma shi ne abin da ke cina har yau.