Tafin Inna Hure

"Maita ce!" in ji Ɗanliti, ya daki benci har wayoyin da ke caji suka girgiza. "Ku daina yi mata ado da suna."

La'asar ce, an taso daga noma, ƙafafun kowa da jar ƙasa. Shagon Zaharaddini mai cajin waya ne kaɗai ke da talabijin a ƙauyen, kuma tun farkon damina maza suka maƙale wa wani dogon shirin ƙasar waje da aka juya zuwa Hausa. A cikinsa akwai wata mata da in ta ɗora tafinta a goshin mutum sai ta faɗi ko kwanansa ya kusa ƙarewa. Mai fassara bai ba abin suna ba, don haka 'yan kallo suka ɗora wa kansu aikin.

"Baiwa ce daga Allah," in ji Zaharaddini. "Gargaɗi take yi, a nemi magani."

"Iska ce a kanta," in ji Hadi, maƙwabcin Ɗanliti, wanda katangar zana kawai ta raba gidajensu.

"Kai da ko karatun sallah da ƙyar ka haɗa, me ka sani?" Ɗanliti ya miƙe tsaye. Shi mutum ne da in ya shiga gardama ba ya fita sai ya ga bayan kowa. "Ku yi tunani mana. Duk wanda ta taɓa ta ce zai mutu, ya mutu. To wa ya gaya mata? Ba gani take yi ba, kamawa take yi. Wanda ya san lokacin mutuwarka, shi ya sa maka shi. Sunan abin nan tafin mayya."

Shago ya ɗauki shewa. Zaharaddini ya yi tsaki ya ƙara muryar talabijin. Daga ranar, ko a gona in wani ya dafa kafaɗar wani sai a ce, "Ɗauke min tafin mayya!" Ɗanliti kuwa duk inda ya ji an faɗa sai ya ji kansa ya yi girma.

*

Mahaifiyarsa, Inna Hure, ba ta taɓa leƙa shagon ba. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin ƙofar gida, tana kaɗin auduga. Matan unguwa sun saba kawo mata yara in jikinsu ya yi zafi. Ta dafa goshi, ta duba ido, ta ce wannan na jiƙo ne, wannan kuwa na asibiti.

Ranar Talata aka kawo mata Aina'u, 'yar Hadi. Tsohuwa ta ɗora hannu, fuskarta ta canza.

"A kai ta asibitin Kunci yau. Kada a bari ta kwana."

Hadi ya ce sai ya gama huɗar gyaɗa. Washegari da hantsi yarinya ta fara sanƙarewa, idanu suka juye, kuma cikin magagin zazzaɓi ta kira sunan wadda ta saba ba ta ƙuli-ƙuli: "Inna Hure, Inna Hure."

Ɗanliti na wasa fartanya ya ji hayaniya. Kafin ya miƙe an tura ƙyauren gidan. Hadi ne a gaba, Aina'u a kafaɗarsa, mutane a bayansa har da masu sanduna.

"Fito da uwarka ta sakar min kurwar 'yata!"

"Hadi, ka yi hauka ne? Inna ce fa ta karɓi haihuwar yarinyar nan."

"Ta taɓa ta, ta ce ba za ta kwana ba. Wa ya gaya mata?"

"Cewa ta yi a kai ta asibiti!"

"Wanda ya san lokacin mutuwarka, shi ya sa maka shi," in ji wani daga baya. "Ko ba bakinka ya faɗa ba?"

 Ɗanliti ya waiga neman Zaharaddini, ya hango shi can bakin zaure, kansa a sunkuye.

Aka shimfiɗe yarinyar a tsakar gida. Abin da ake nema kowa ya san shi: wadda ake zargi ta tsallake mara lafiya, kurwa ta koma jikinta. Ɗanliti ya juya abin a ransa ta kowace fuska, ya ga babu ƙofa. In ta ƙi, sandunan nan ba na ado ba ne. In ta tsallaka yarinya ta mutu, ita ta cinye ta. In ta tashi, ita ta sake ta.

Inna Hure ta fito da kanta, tana dafa bango. Ba ta kalli taron ba, Aina'u ta kalla.

"Zan tsallaka," ta ce. "Amma ku tayar da babur tukuna. Ina sauke ƙafata ku wuce da ita."

Ta tattare zanenta a gaban 'ya'yan da ta yanke wa cibiya, ta ɗaga ƙafa da ƙyar. Wata mata ta tofa yawu.

*

Aina'u ta dawo daga asibiti da ƙafarta, bayan ƙarin ruwa da allurai. A ƙauyen ba wanda ya yi zancen allura. Cewa ake yi, "Ka ga tana tsallakawa ta sake ta."

Mata suka daina shigowa. A rijiya, in Inna Hure ta taɓa guga sai an ɗauraye shi. A shagon Zaharaddini shirin ya ci gaba, kuma sunan da Ɗanliti ya raɗa ya zauna daram, ko da yake shi ya daina zuwa.

Da gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kayar da Ɗanliti. Yana kwance a rumfa da rana tsaka, haƙoransa na kaɗawa, ya ji takun Inna Hure. Ta durƙusa a gefensa da ƙoƙon kunu.

"Sannu, Liti. Bari in ji jikin."

Ta miƙo hannu. Bai yi niyya ba, bai ma san lokacin da ya yi ba. Kansa ne kawai ya kauce.

Hannun ya tsaya a iska. Sannan ta janye shi a hankali ta cusa cikin mayafinta, ta tura masa ƙoƙon da ɗaya hannun.

"Sha tun da zafinsa," ta ce.