Jan Layin Famfo na Biyu

Tun hantsi ruwan famfo ke zuba a kan dashen tumatir, ya ƙi tsayawa. Mai lambu ya kashe injin, sai dai hakan ya hana ruwa isa rumfar barkono, inda ƙasa ta fara tsagewa. Autarsa ce ta tsara ban ruwan a kwamfuta, ita kuwa tun da asuba mijinta ya kai ta asibiti, naƙuda ta taso.

Mai lambu ya zauna gaban kwamfutar a ɗakin ajiyar taki, ya gyara tabarau. Allon cike yake da ƙananan akwatuna masu launi, layuka sun haɗa su kamar wayoyin lantarki. Ya murza 'yar tayar linzamin kwamfutar gaba, akwati ɗaya ya cika allon: "Jira minti goma." Jiran me? Ya murza baya, komai ya koma kamar tururuwa, rubutun ba ya karantuwa. Ya tashi ya duba waya, ba kira. Ya zaga rumfa, ya dawo, ya sake murzawa.

Daga ƙarshe ya kira surukinsa, wai tambayar mai jiki.

"Baba, har yanzu dai shiru. Ga ta, tana son magana."

"Baba, muryarka ba daidai take ba," in ji Auta, numfashinta sama-sama. "Ruwa ne ko?"

"Ke dai ki ji da kanki."

"Ja baya har ka ga duka. Kada ka karanta komai, jan layi kawai za ka nema, wanda ya cire ne ke yin ja. Ɗora 'yar kibiyar allon a ƙarshensa, sannan ka matso da hoton. Inda kibiya take, nan zai buɗe."

Ashe shi duk a tsakiyar allo yake barin kibiyar. Ya yi yadda ta ce, sai ga akwatin "Rufe famfo na biyu" wato na tumatir, zaune shi kaɗai, jan layinsa ya cire. Ya ja layin a hankali ya maƙala.

"Na haɗa, 'yar nan."

Surukin ne ya amsa: "Baba, sun shiga da ita."

Ya kunna injin, ya tsaya yana taka ƙasa har ruwan tumatir ya ɗauke, na barkono ya taso. Sannan ya hau babur.

Ya tarar an sami mace, uwa da 'ya lafiya. Nas ta kalli takalmansa na roba, duk laka, ta girgiza kai. Ya tuɓe su a baranda, ya shiga da safa.