Shinkafar Ruwan Tsami

Tun da Darmaji ya ji za a turo tawaga daga Jakarta ta duba ko tashar gwajin shinkafa ta cancanci abin da ake kashe mata, ya fara ɗaure kayansa a zuci. In aka rufe ta, gida tsibirin Jawa za a mayar da shi, wurin matarsa Sulastri da 'yarsu. Ya daɗe a wannan fadama ta Kalimantan yana renon shinkafa cikin ruwan tsami mai kalar shayi. Yarinyar ma a waya ya ga ta fara tafiya.

Shugabar tawagar, Bu Wening, ta sauka daga kwalekwale da takalmin roba na aro. Suka zaga filayen, tana tambaya yana amsawa sama-sama.

"Pak Darmaji, tsakani da Allah," ta ce, "ba za a iya wannan gwajin a gonakin manoma ba, a huta da tasha?"

Ya riga ya shirya amsa: za a iya. Sai dai a gaban wani iri suka tsaya, wanda ya sha mutuwa a hannunsa damina bayan damina, sai bana ya fitar da kai.

"Wane manomi zai bari gonarsa ta yi ta mutuwa don mu koyi abu, Bu? Ai mu ne masu yin asarar a madadinsa."

Kafin ya ankara yana cikin laka har gwiwa, ya tugo tushe ɗaya yana nuna mata fararen saiwoyi. Bai yi shiru ba sai da aka kira azahar.

Da za ta koma kwalekwale ta ce za ta nemi a bar tashar, a ƙara musu fili ma. Ma'aikata suka kama kaji za su yanka. Darmaji ya hau gadar katako, inda waya ke samun layi.

"Mas, yaya? Sun rufe?" Sulastri ta tambaya, da lakabin da matan Jawa ke kiran miji.

"Sun ce a ci gaba."

"Bakinka ne ya ja, ko? Na san ka. Da shinkafar nan ya kamata a ɗaura maka aure."

"Haba, Dik," ya ce, da lakabin da miji ke kiran matarsa.

"Har na sa an gyara rufin ɗakin baya saboda dawowarka."

Can ya jiyo yarinyar tana rigima a ba ta wayar.

"Ba ta," ya ce, ya zauna a kan katakon, lakar tana bushewa a ƙafafunsa.