Jakunan Taki

Shekarar da Nasara suka kafa gidan burodin soji a Damagaram, kumandan ya ɗora wa ƙauyenmu na hanyar Tirmini itace kaya sittin kafin Juma'a. Don kada mu yi wasa, gardi, dogaran Nasara, suka tafi da ƙanena Ari. Idan itace bai cika ba, a tura shi aikin dole arewa, inda ba kowa ke dawowa ba.

Jakuna huɗu suka rage mana, sauran an kwashe. Dattawa suka ce mata su ɗauka a ka. Ni kuwa, da ban taɓa riƙe allo ba amma kaina ya fi na malamai goma, na ce a saurara.

Bazara ce. Kullum masu taki na fitowa daga Birni da jakuna, su juye a gonaki, su koma mangala wayam. Shekara da shekaru ana ganinsu, ba wanda ya gani sai ni.

Na tare babbansu, Ɗan Azumi.

"Baba, jakinka na komawa gida kamar ɗan sarki, ba kaya."

"Kai ka haife shi?"

"A'a. Amma matarka Inna Delu na neman ƙirare, ko ta daina tuwo?"

Muka shirya. Mu sare busasshen itace mu tara a bakin gonaki, su ninke mangala a bayan jaki, su ɗaura itacen a kai har bariki. Ƙirare duka na matansu.

Ranar Alhamis da la'asar kaya sittin suka cika. Aka sako Ari, ya rame kamar kara.

"Yaya, warin me kake yi?"

"Warin da ya fito da kai."

Kumandan ya tambayi tafinta yadda aka yi, aka faɗa masa. Ya gyaɗa kai. Daga ranar ya ce duk jakin taki da zai shiga gari ya shigo da itacen bariki, ba ƙirare, ba godiya. Haka aka yi shekara tara.

Ɗan Azumi bai ƙara amsa sallamata ba har ya rasu. Na je jana'izarsa, na tsaya a baya. Ari dai ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, ga su nan a garin Dogo, a je a tambaye su wa ya yi dabara.