Kwalba Ta Uku

Duk wanda ya taɓa kai wa Inde gyaɗa a Madarumfa ya san kwalaben nan huɗu da ke jere bisa katangar madafinta. Babu komai cikinsu, sai zare kala-kala da aka ɗaɗɗaure a jikin kowace. Shekara huɗu Ɗogo yana kawo buhunansa daga Gabi a amalanke, yana satar kallonsu, bai taɓa tambaya ba. Shi dai ya yanke a ransa maganin farin jini ne, don tsohuwar da man gyaɗarta ke ƙarewa tun kafin ya huce, ai da walakin.

Bana kuwa abin ya zo masa har gida. Wani mai kanti a Maraɗi ya ce zai riƙa kwashe man Inde duk mako, muddin ɗanɗanonsa ba zai riƙa sauyawa ba. Sai Inde ta aika wa masu kawo mata gyaɗa su huɗu cewa biyu za ta riƙe, biyu su nemi wata kasuwa. Rabin gonar Ɗogo gyaɗa ce, kuma Inde ce ta raba shi da wulaƙancin dillalai. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ko da yake a majalisa cewa yake yi in aka cire shi, to wa za a bari.

Ran da ya kawo buhun farko bai juya ba. Ya fake da gyaran igiyar jaki, ya zauna gindin katanga ya zuba ido. Inde ta ƙyale kyawawan ƙwayoyin da ya jera a bakin buhu, ta cusa hannu har gwiwa ta ciko tiya ɗaya daga tsakiya. Ta soya ta ita kaɗai, ta aika aka markaɗo, ta matse. Igiyar jakin nan ta sha gyara har rana ta take. Sannan ta sauko da kwalba ta uku, ta juye man, ta jira ya kwanta, ta ɗaura baƙin zare daidai inda ya tsaya.

Ɗogo ya kasa haƙuri.

"Inna, wai mi ke ga kwalaben nan?"

"Kai ne a ciki," in ji ta. "Matso ka ga kanka."

Ta bayyana masa cewa kowace kwalba mutum ce, kowane launi kuma shekara. Ta biyu ta Sani ce, mutumin garin Sarkin Yamma, zarurrukanta a manne da juna, bana kamar bara. A ta Ɗogo kuwa, ja da fari suna can kusa da wuya, babu wanda ya taɓa kai su. Kore ya sauko da yatsa biyu. Baƙin na yau ya ƙara yin ƙasa.

Nan take ya ɗora wa damina laifi. Inde ta ce ruwan da ya sauka a Gabi bai tsallake Sarkin Yamma ba. Ya koma kan iri, ta ce irin ai wurinta ya saya. Ta gutsuro tunkuzar da ta matse ta miƙa masa. Ya tauna, ya ji wani ɗan ɗaci can ƙarshen harshe, ya haɗiye.

Sai ta tambaye shi wa ke ɓare masa gyaɗa a shekarun ja da fari. Ya ce matarsa Kulu ce, da hannu, ta shanya kwana uku bisa tabarma, ta tsince masu baƙi a ciki ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya koma inji. Mai injin ya ce a yayyafa wa gyaɗar ruwa don kada ƙwayar ta farfashe, shi kuma yana ɗaukowa sai ya ɗinke buhu, don ya riga kowa isa Madarumfa. Kulu ta yi magana sau ɗaya, ta ce gyaɗa mai danshi ba ta son buhu. Ya ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Ta kuwa tsaya, shekara biyu ke nan ko ƙwaya ɗaya ba ta sake taɓawa ba.

Kunya ta kama shi. Duk tsawon lokacin nan gonarsa yake yabo.

Inde ta wanke kwalbar ta mayar bisa katanga.

"Ashe kwalbar Kulu na riƙa kira da sunanka. Na ba ku buhu ɗaya, kasuwa mai zuwa. In zare ya hau, kuna ciki. Amma ita za ta kawo."

Ɗogo ya hau amalanke ya kama hanya. Jakin da kullum sai an sa masa sanda, yau sauri yake yi. Shi kuwa yana ta juya yadda zai soma roƙon matar da ya rufe wa baki, har rumbunan Gabi suka bayyana bai sami kalmar farko ba.