Allurar Dokin Alhaji Bashir

"Riƙe linzamin da kyau, Malam Falalu," in ji Dakta Nabiha. Ta soka allurar a tsokar wuyan dokin, ta zare.

Falalu, mai kula da dokin maƙwabcinta Alhaji Bashir, ya ƙara riƙe linzamin yana ɓata rai. Tun ranar da ta gaya wa maigidan cewa ƙazantar barga ce ta ruɓar da kofaton dokin, ba sa ga maciji da juna. Yau kuma wayar shinge ta yanki dokin a ƙafa, sai an ɗinke.

"Ga shi nan tsaye ƙyam," ya ce. "Allurar taki ba ta ci ba."

"A tsoka na yi, ba a jijiya ba. A hankali take ratsawa cikin jini. Ka jira."

Can kuwa sai kan dokin ya sunkuya, leɓensa ya saki. Ta tsugunna ta wanke ciwon ta ɗinke, dokin ko gezau.

Falalu ya dafe ƙugunsa, inda wani doki ya taɓa harbinsa shekarun baya. "Dabba a kashe mata zafi, ɗan Adam a ce masa ya yi haƙuri."

"Asibiti na nan."

"Na je. Ƙwaya suka ba ni, kamar mai ciwon kai."

"To, ni likitar dabbobi ce." Ta tafi famfo wanke hannu, ta bar akwatinta a buɗe.

Washegari da safe ta ga babu kwalba ɗaya, ta maganin kashe zafin nan mai ƙarfi, dangin wanda ake yi wa mutum bayan tiyata. Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa gidan Alhaji. Ta tarar da Falalu yana yanka ciyawa, Hajiya Ma'u matar Alhaji na zaune a baranda.

"Ba ni kwalbata."

"Wace kwalba?"

"Kada ka raina min hankali. Kai kaɗai ne a wurin."

Hajiya ta ajiye kofin shayinta. "Dakta, a gidana za ki kira shi ɓarawo? Mutumin da tun daga Gumel muka ɗauko shi, ko tsinke bai taɓa ɗauka ba?"

"Hajiya, maganin nan numfashi yake dannewa. In ya kuskura ya..."

"Ga ƙofa can."

Falalu ya ci gaba da yankan ciyawarsa, bai ko ɗago ba. Nabiha ta fita tana huci. A ranta ta ce sayarwa zai yi, kuma sai ta kai shi ƙara.

Bayan azahar maigadin gidan Alhaji ya zo yana dukan ƙofarta, yana cewa Falalu ba ya motsi. Ta suri allurar da ke karya ƙarfin maganin, ta bi shi da gudu. Falalu na zaune ya jingina da bangon barga, kansa a ƙirji, leɓensa ya yi baƙi. Kwalbar na gefensa, babu komai a ciki. A cinyarsa ta ga shaidar allura har biyu. Ya yi ta farko, bai ji komai ba, ya ƙara.

Ta yi masa abin da za ta iya, ta danna ƙirjinsa har hannunta ya gaji. Kafin direban Alhaji ya juyo da mota, rai ya yi halinsa.

"Allurarki ce," in ji Hajiya daga bayanta. "Kin bar guba a buɗe a gidan mutane."

"Da safe na zo, kika kore ni."



Kwana biyu bayan jana'iza, Mairo matar Falalu ta zo kwashe kayansa. Nabiha ta tare ta a bakin titi ta yi mata gaisuwa.

"Ke ce likitar?"

"Ni ce."

Mairo ta dube ta sama da ƙasa, ta gyara ƙullin da ke kanta, ta wuce. Ta bi inuwar dalbejiya har kwanar Giginyu, butarsa ta roba na lilo a hannunta.